Hannu Cikin Aljihu

Ruwan da na gani a gadar Koton Karfe shi ya gwada mani na yi nisa da gida. Kwana ukku muna bisa buhunan albasa tun daga Galmi, ni da ɗiyata Ladi, har idanunmu sunka gaji da yaji sunka bar zubda hawaye. Da mota ta hau gadar na leƙa ƙasa. A garinmu Bazaga ruwan da na sani mafi girma shi ne tabkin bayan gari, wanda jakkai ke ratsawa. Na ƙara ɗaure goyo, na rufe ido, ina salati har munka ƙetare.

Direban abokin kawuna ne, shi ya sa anka yarda in bi shi. Da ya sauke mu a tashar Lakwaja ya ce, "Rakiya, yau Talata. Talata mai zuwa bayan la'asar nan zan biyo daga Anaca. In na iske ki, to. In ban iske ki ba, ni ba ni tsayawa."

Abin da ya kai ni hoto ne. Maigidana ya fita ci-rani shekarar da fara ta cinye gero, ya bar ni da cikin wata huɗu. Bai ga haihuwar Ladi ba. Bayan shekara wani mai dawowa daga kudu ya kawo ambulan, ba takarda ciki, sai hoto guda. Ga shi tsaye gaban wata babbar igwa, da kwat baƙa, da agogo a hannun hagu, hannun dama cikin aljihu kamar komandan. Mai kawowa ya ce a tashar Lakwaja anka ba shi. Daga nan shiru. Ranar kasuwa nakan tahi Konni in tsaya bakin shagon tarho ko za a kira sunana, ba a taɓa kira ba.

Da lokacin yayen Ladi ya matso, ubana ya ce ya gaji. In ruwan shuka ya sauka ba labari, zai kai magana gaban sarki a raba auren. Wan mijina kuwa ya ce ba laifi, amma ɗiya tasu ce, in anka yaye ta gidansu za ta koma. Ni ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, aji ukku na tsaya, amma wannan lissafin na gane shi. In ban kawo shaidar yana raye ba, kuma yana sona, Ladi za ta bar bayana.

A tashar ban san wa zan tambaya ba. Wani ɗan kabu-kabu, su can acaba suke cewa, ya ji maganata ya tsaya.

"'Yar Nijar ce? Wa kike nema?"

Na miƙa mai hoton. Ya ce mene ne sunansa. Na sunkuyar da kai. Tun da anka ɗaura mana aure bakina bai taɓa kama sunan ba, ko a ɗaki. Na ce, "Mai sunan annabin da 'yan uwansa sunka jefa rijiya."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Yusufu! Ai na san shi, babban mutum ne yanzu. Hau mu je."

Ya ɗora ƙullin kayana gabansa. Munka yi ta ratsa tituna har ƙofar wani farin gida mai bene. Ya ce in sauka in gyara ɗankwali, bari ya zagaya ta ƙofar baya ya yi mani iso. Na gyara ɗankwali. Na goge ma Ladi hanci. Na tsaya har inuwar bangon ta bar ni. Mai gadi ya fito ya ce nan buro ne, ofishin gwamnati, ba kowa mai wannan kama. Zannuwana biyu, da garin gero, da ƙwaryar Ladi, duk sun tahi. Hoton ya tsira don yana cikin rigata.

Na bi gangare don ƙafa ta fi son gangare, har na faɗa tsohuwar kasuwa ta bakin kogi. Wata Banufiya mai ƙyafa kifi ta ga Ladi na tsotsar gefen zanena, ta kira ni da hannu. Nna ake ce mata. Ba ta tambaye ni komi ba sai da ta ga mun cinye shinkafar da ta zuba. Sannan ta amshi hoton da yatsa biyu don kar ta shafa mai, ta duba gaba kaɗan, ta juya baya.

"Ke ba ki duba nan ba?"

Akwai hatimi shuɗi a bayan. Na sha ganinsa, na ɗauka irin na buro ne da ake buga ma kowace takarda.

"Hatimin Baba Ndako ne, mai hoto. Gobe da safe ki bi titin nan, shagonsa na kallon igwoyi. Ki kwana nan cikin rumfa. In kin ji motsi ɓeraye ne, ba su cin mutum."

Baba Ndako tsoho ne gajere, da tabarau ɗaure da zare. Na yi sallama na shiga, ban kai ga gaishe shi ba na gan ta. Kwat ɗin tana rataye ga ƙusa bayan ƙofa. Maɓallin tsakiya fari ne, sauran baƙaƙe, kamar yadda yake a hoton da na kwana da shi shekara guda. Agogon na bisa tebur, allurarsa ba ta motsi.

Abin da ya zo mani shi ne ya mutu, an sayar da kayansa. Na zauna ƙasa.

"Subhanallahi, yarinya, lafiya?"

Na nuna kwat ɗin, na nuna hoton. Ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya kama hannun rigata ya juya ni wajen bango. Bangon cike yake da hotuna. Maza ne, dogo da gajere, baƙi da fari, duk gaban igwa, duk cikin kwat guda mai farin maɓalli.

"Kwat ɗina ce. Ta girme ki. Duk ɗan ci-rani da zai aika hoto gida ita yake sawa. Masu garuwa, masu wankin takalmi, masu yankan farce. Ta je Nijar, ta je Cadi, ni mai ita ban taɓa wuce Abuja ba."

"To shi ina yake, Baba?"

"Wallahi ban sani ba. Mutum ya zo, ya tsaya, ya dawo ya karɓa. Ba na tambayar gida."

Na ce na gode. Na fita na zauna gindin igwar, daidai inda ya tsaya. Shekara guda matan gidanmu na ce mani ya yi arziki ya manta da ni, ni kuma ina jin haushinsa da dare ina alfahari da shi da rana. Ashe ko agogon ba nashi ba ne. Ban san abin da zan yi da sauran kwana shidda ba.

Can sai ga Baba ya fito da kyamara a wuya, da laima, da 'yar kujera. Ya ce an ba shi aikin kalanda, zai ɗauki titunan tsakiyar gari da tsofaffin wurare, kuma gwiwarsa ba ta son kaya.

"Ki riƙe mini laima. Ni ina kallon gini, ke kina kallon fuska. Duk inda masu garuwa ke bi za mu bi. Kin ga ba ki ɓata ba."

Haka na san Lakwaja, ina bayan tsoho da laima.

Ranar farko makabartar Turawa munka je. Kowane kabari da dutse mai rubutu, ciyawa ta rufe rabi. Baba ya ce yawancinsu samari ne, zazzaɓi ya kashe su. Na tambaye shi ko uwayensu sun zo sun gani. Ya ce daga ina, ai ƙasarsu bayan teku take. 

Kashegari ya kai ni wajen wasu ƙarafa biyu da anka kafa a ƙasa. Ya ce zamanin da, bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. Da ya juya yana gyaran kyamara na ɗora hannun Ladi bisa ɗaya. Ƙarfen ya yi zafi, ta janye ta yi kuka.

Munka hau Dutsen Patti cikin mota. Daga can ake ganin inda Kwara da Binuwai sunka haɗu, ɗaya ja-ja, ɗaya kore-kore, suna tafiya tare ba su gauraya ba. Baba ya ce in duba ikon Allah. Ni rufin kwano nike dubawa, ga su nan shimfiɗe har iyakar gani, kuma ƙarƙashin ɗaya akwai mutum guda da nike nema. Na ji kamar in kwanta nan in bari.

Aikin Baba jira ne. Sai ya tsaya gaban tsohon kanti na zamanin Turawa, mai baranda da ginshiƙan ƙarfe, ya ce rana ba ta zo ba tukuna. Mu zauna. In rana ta zo, mutane ba su bari. Mai talla ta ratsa, ɗan acaba ya ratsa, akuya ta tsaya tsakiyar titi.

"Ke mai lemu, gidan ubanki ne? Matsa! Kai, ku mutanen garin nan ko kabarina za ku ratsa."

Mai lemun ta ce, "Baba, ɗauke ni mana, na fi ginin kyau."

"Ginin ya shekara ɗari bai buɗe baki ba, shi ya sa nake son sa."

Duk mai garuwa da munka gamu da shi sai in tare shi da hoton. Wasu 'yan Tawa ne, wasu 'yan Madawa, ɗaya ma ɗan Tajaye. Suna ganin kwat sai su yi murmushi su kawar da kai, don su ma sun sa ta. Ɗan Tajayen ya daɗe yana dubawa, ya ce bai sani ba, amma bai kalle ni ba da ya faɗa. Na roƙe shi don Allah. Ya ce, "Ɗiyar mutane, koma gida," ya tura kurarsa ta ruwa.

Ladi ta fara zawo ran Juma'a. Nna ta ce ruwan kogi ne, ta dafa mata wani ganye. Da yamma in na zauna bakin rumfa sai in ga hadari na haɗuwa ƙetaren ruwa. A can an riga an yi shuka, masara har ta kai gwiwa. Ina ganin walƙiya sai in ce ko ta kai Bazaga, ko ubana ya sa takalmi.

Ran Asabar da yamma anka kawo ma Baba hotunan makon daga wurin wanki. Yana zaɓe, yana tsaki. Wanda mutum ya ratsa sai ya jefa cikin kwali ƙarƙashin tebur, ya ce ya lalace. Ladi ta rarrafa ta kifar da kwalin. Na durƙusa ina tattarawa ina ba shi haƙuri.

Hoton wani titi ne mai gangarawa kogi, da tsohon kanti a dama. A gefen hagu, can ƙasa, rabin mutum ya shigo yana tura kurar ruwa. Ba a ganin fuska. Amma kansa ya karkata kafaɗar hagu, yadda yake yi in yana bin kuyya a gona. Kuma hular, ni na dinke bakinta da jan zare don baƙin ya ƙare mani. Da hannun hagu yake riƙe da kurar. Na dama naɗe yake da tsumma, da gwiwar hannu yake dannawa.

Na ɗauko tsohon hoton na aje kusa da shi. Shekara guda ina kallon hannun nan cikin aljihu ina cewa girman kai ya koya.

Baba ya cire tabarau ya kusantar da hoton har hancinsa. Ya nuna lambobi ja na kwanan wata a ƙasa. "Wannan ba na makon nan ba ne, sati uku ke nan. Ke, mijinki na da rai sati uku da suka wuce." Sannan ya ɗora farce bisa inuwar ginshiƙi. "Kin ga inda ta kwanta? Ta kai tsakiyar titi. Bayan hantsi ba ta kaiwa nan. Da sassafe ne, kafin takwas. Mai garuwa kuma ba ya canza hanya, gidajen da yake ba ruwa suna jiransa."

Lahadi na tsaya gindin ginshiƙin tun asuba. Masu kura bakwai sunka wuce, ba shi. Litinin anka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mai sayen ruwa ranar. Na tsaya duk da haka, ni da Ladi ƙarƙashin barandar, har Nna ta zo da kanta ta ja ni tana faɗa da Nufanci.

Talata Baba ya zo ya zauna nesa bisa kujerarsa. Inuwar ta fara ja baya daga tsakiyar titi, na ce shi ke nan. Sai na ji kukan taya.

Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya zo daidai ni bai ɗaga kai ba. Na buɗe baki, ba ni da sunan da zan kira. Na ce, "Sannu da aiki."

Ya tsaya. Kurar ta fara komawa baya, ya tare ta da ƙirji. Ya dube ni, ya dubi goyon, ya waiga kamar mai neman lungu.

"Rakiya? Wa ya kawo ki? Da wa kika zo?"

"Da ɗiyarka."

Ya ɓoye hannun a bayansa. Na ce na riga na gani. Sai ya zauna bakin kwata ya kwance tsumman da haƙori. Babban yatsa ne da ɗan ƙarami, tsakiya babu. Injin tsaga katako ne ya yanke su, watansa na biyar da zuwa. Ya ce ɗan Tajaye ya gaya mai ana nemansa da hoto, bai faɗi ko wa ba, ya ɗauka wansa ne, shi ya sa ya ɓuya Lahadi.

"Mu tahi gida," na ce. "Mota na zuwa bayan la'asar."

"In yi mi a gida? Da mi zan riƙe hauya? In zauna inuwa da tsofaffi, wana na ciyar da ni? Nan ko ba komi ina tura ruwa."

Na gaya mai maganar ubana da ta wansa. Ya rufe fuska da hannun mai kyau. Na roƙe shi, na ce ni zan yi noman, na ce ba wanda zai yi dariya. Ya ce in ba shi shekara guda ya sayi kura tashi, ya ɗan tara. Na yi kuka, na yi fushi, na kama bakin rigarsa a tsakiyar titi, ni da ko gaban uwarsa ban taɓa zama kusa da shi ba. Bai motsa ba.

Baba ne ya taso. "To, ku tashi. In ba za a kai mutum ba a kai shaida. Rana na wucewa."

Gaban igwa ya tsayar da mu. Maigidana ya ce a ba shi kwat. Na so in hana, na ga idonsa, na bari. Ya roƙe ni kar in faɗa ma Inna, uwarsa, maganar hannun, na ce to. Baba ya ce ya ɗauki ɗiyar. Ladi ba ta san shi ba, ta sandare tana ihu tana miƙo mani hannu. Ya riƙe ta da hagu, dama cikin aljihu, ni a gefe da zane guda da na kwana bakwai ciki.

"Ta ɓata shi," in ji Baba. "Bari ta yi shiru a sake."

Na ce a bar shi haka. Duk Bazaga an san kukan Ladi, ba mai cewa ɗiyar wani ce.

Fim ɗin saura da yawa, kuma ba a wankewa sai ya cika. Baba ya ɗaga kyamara ya yi ta harbin sama da kwalta da akuya har ya ƙare, ya hau acaba da gwiwarsa mai ciwo. Motar albasa ta iso, direba na ta danna oda, na ce mai don girman Allah ya yi alwala ko da yana da ita. Yana sallame la'asar Baba ya iso da ambulan. Ya haɗa mani da na cikin kwalin. Nna ta ƙulla mani kifi. Maigidana ya bi motar da kura har kwanar titi, sannan ban ƙara ganinsa ba.

Mun iske an yi ruwa kwana biyu kafin mu iso, ana cikin shuka. Ubana bai tahi gaban sarki ba tukuna, shuka ta riƙe shi. Ya kira maitir, malamin lakwal, ya karanta mai lambobin ja na sabon hoton. Ubana ya daɗe yana kallon hoton, ya miƙa ma wan mijina. Sannan ya ce damina guda ya ƙara, ba biyu ba. Na yaye Ladi a ɗakina.

Na cikin kwalin yana ƙarƙashin tasoshina, ba wanda ya taɓa ganinsa. Sabon na igwa Inna ta amshe. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta shafa fuskar da yatsa, ta yi dariya har da hawaye.

"Ki gan shi, ya rame amma bai bar hali ba. Har yanzu hannu cikin aljihu, sai ka ce komandan."

Na ce, "I, Inna. Haka suke tsayawa can."